18-55 ɗin da ke biyo kamara: raina kama ne, amma sai da rana

Salamu alaikum jama'a. Abin da ya sa na zauna rubuta wanga dogon bayani wani ƙanena ne ɗan unguwarmu nan Tawa, ya sayi kamara bai fi wata biyu ba, shekaranjiya da dare ya iske ni a fada muna jiran shayi na biyu ya ce Yaya ni fa wanga objektif da anka haɗo ni da shi banza ne, wallahi hoton wayata ya fi nashi kyau, ko in saida shi ne in cika kuɗi in sayi babba? Na ce kawo in gani. Na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, duk a cikin ɗaki ya ɗauke su bayan magariba da ampul guda rataye a sama, kamarar tana kan koren otomatik ɗin nan tun ranar da ta baro shago, gilashin gaba kuma duk shatin yatsa kamar wanda ya ci ƙosai ya shafa. Na ce mishi ƙanena zauna tukuna, laifin nan kashi uku ne, biyu naka ne ɗaya na objektif. Kuma ɗayan nan na objektif ba ƙarya ba ne, akwai shi, zan zo kanshi.

Ni abin da nake riƙe da shi Canon 600D ce, okaziyo na saye ta a Yamai, ta zo da EF-S 18-55 mai rubutun IS II, su biyun duk a 2011 anka fito da su. Shekara huɗu ke nan ina cin abinci da shi, suna, ɗaurin aure, hoton kart, 'yan lakol ranar raba sakamako, har da hoton raguna ga masu saidawa ta WhatsApp gab da layya. Objektif dai shi ne idon da ake ɗaura ma kamara a gaba, 'yan uwanmu na Najeriya lens suke ce mishi. Kuma abin da zan faɗa ba na Canon kaɗai ba ne, na riƙa na Nikon ma na wani abokin aikina, halinsu kusan ɗaya ne kamar 'yan uwa ɗaki guda.

Lambobin da ke jikinshi mutane da yawa ba su damu su san mi suke nufi ba, alhali duk labarin yana nan. 18 zuwa 55 milimita ne, 18 shi ne faɗi, ya kwaso maka tsakar gida duka, 55 kuma ya jawo maka mutum kusa. Da yake farantin da ke karɓar hoto a cikin irin waɗannan kamarori ƙarami ne, na Canon milimita 22.3 ne da 14.9, in ka kwatanta da manyan kamarori abin yana zama kamar 29 zuwa 88, a Nikon kuma kamar 27 zuwa 82 da 'yan kai. Sai ɗayar lambar, 3.5-5.6, wadda ita ce buɗin idon. In kana kan 18 ido yana iya buɗewa har 3.5, kana murzawa yana tsukewa, wajen 24 ya koma 4, kafin ka kai 55 ya zama 5.6, kuma ƙaramar lamba ita ce babban buɗi, abin a juye yake. Daga 3.5 zuwa 5.6 hasken da ke shiga bai kai rabin na farko ba. Ka riƙe wagga magana, ita ce ciwon wanga objektif.

To da rana fa? Da rana wallahi ban da abin cewa. Mu nan Allah ya hore muna rana har ta yi yawa, wanda ke Faransa yana kuka da gajimare mu inuwa muke nema. Ranar Lahadi ka shiga kasuwar Tawa da hantsi, ka sa kamara kan Av, inda kai ke zaɓen buɗin ido ita ta zaɓi sauri, ka ajiye buɗi a f/8 wato lamba 8, ISO wato ƙarfin jin hasken farantin a 100, za ka ga saurin ɗauka yana wasa wajen 1/400 ko 1/500 na sakan, ka ɗauki Buzu da rawaninshi ko mai albasar Galmi ya tsiba ta, ka je gida ka buɗe a kwamfuta ka jawo hoton har ƙarshe, za ka ƙirga zaren rawanin nan, za ka ga ɓawon albasa siriri yana ɗagowa. Tsakiyar hoton ko a buɗe gaba ɗaya yana fitowa tar, gefe da kusurwoyi ne ke ɗan yin laushi in ido na buɗe, to da ka tsuke zuwa f/8 su ma sai su taso. Tsakanin 5.6 da 8 a ɓangaren faɗi, 8 zuwa 11 a ɓangaren 55, nan ne gidan daɗinshi. Kada kuma ka ce tunda tsukewa na gyarawa bari in kai 22, a'a, daga 16 zuwa sama hoton duka ke komawa dishi-dishi saboda ramin ya yi ƙanƙanta haske na watsewa a bakinshi, wannan ba aibin mai arha ba ne, ko na miliyan ka saya haka zai yi, kuma a nan ne duk wata ƙura da ta kwanta a farantin ciki za ta fito maka ɗigo-ɗigo a sararin sama.

Na taɓa yin wani gwaji don in kashe gardama da maigidana da ya koya mini aiki, shi tsohon hannu ne tun zamanin fim, bai yarda da duk wani abu na roba ba, yana ce ma 18-55 kofin shan koko. Na tsaida yarona a inuwar bedi da shadda mai aiki a wuya, na ɗauke shi da 18-55 a kan 50 da f/8, na sauya na ɗaura 50 f/1.8, objektif mai milimita 50 kaɗai da ba ya zuƙowa, na sa shi ma a f/8, wuri ɗaya haske ɗaya, na kai labo anka wanke mai santimita 13 da 18 guda biyu da 20 da 30 guda biyu, na ajiye mishi na ce Baba zaɓi na kofin koko. Ya sa tabarau ya cire, ya kai ƙofa ya dawo, ƙarshe ya nuna ɗaya, kuma ya faɗi daidai a babban amma ya kuskure a ƙaramin, ya ce to ai inuwa ce ta taimake ka. Na yi dariya ban ce komi ba. In ka jawo a kwamfuta ka sa ido sosai 50 ɗin ya fi kaifi, ba musu, musamman a gefe, amma wa ke kallon hoto haka? Hoton 10 da 15 da muke wanke ma mutane megapiksel biyu da 'yan kai ya ishe shi, 20 da 30 wajen takwas, kamarar kuma 18 take badawa. Sauran aikin duk WhatsApp da Facebook yake ƙarewa, su kuma matse hoto suke sai in ka tura shi a matsayin dokima. Wato mafi yawan kaifin da ake gardama a kai ko isa idon mai hoton ba ya yi.

Kusa ma yana ƙoƙari fiye da yadda ake zato. Yana kama abu tun daga santimita 25, ana aunawa daga farantin ciki ba daga bakin gilashi ba, don haka a kan 55 kana iya cika hoto da tafin hannun amarya, zanen lalle ya fito layi-layi, ko zobe, ko aikin maƙeran azurfa. Mata masu saida turare da kayan kwalliya ta waya da yawa da shi nake musu hoto a bakin taga, ba wadda ta taɓa cewa bai yi ba.

Yanzu aibobinshi na rana, don yana da su. A kan 18 yana kumbura layi, abin da ke miƙe a gefen hoto sai ya ɗan lanƙwasa waje kamar cikin randa. Na je Yama wajen Badagishiri ɗaukar masallacin nan na ƙasa da Falke Barmu ya soma ginawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, kusan duk a 18 na yi aikin don hasumiyoyin su shiga, kuma ko kaɗan ba ka ganin lanƙwasar saboda ginin ƙasa da hannu ake shafe shi, dama ba shi da layin da ya miƙe kamar an ja da igiya. Amma ka tsaya gaban gidan siminti mai ƙofar ƙarfe ko ka ɗauki allon lakol ko shago mai kantoci, nan take za ka ga bakin ƙofa ya yi ciki. Maganin mai sauƙi ne, ja da baya taku uku ka murza zuwa 24 ko 28, ya ragu sosai, wajen 35 kusan babu.

Akwai wani abu kuma da ake ɗora mishi wanda rabi halin faɗi ne kawai. Wata rana a wajen suna mata sunka jeru da anko su kusan ashirin a tsakar gida mai ƙunci, bango a bayana ba wurin ja, dole na sa 18. Da na kai hotuna wata Hajiya da ta tsaya can ƙarshen layi ta kira ni ta ce ɗana zo nan, ni ce wannan? Yaushe na yi wagga ƙiba? Na ce Hajiya ki yi haƙuri wurin da kinka tsaya ne. Gaskiya ne kuma, duk wanda ya faɗa gefen hoto a 18 sai ya baje, fuska ta ja gefe, wanda ke tsakiya kuma lafiya lau. Tun ranar nake barin fili a gefe biyu in yanke daga baya, ko in jera mutane layi biyu ko uku maimakon dogon layi guda, manyan mata kuma tsakiya nake kai su, girmamawa ce a wurinsu ni kuma na tsira. Haka in ka matsa kusa da fuskar mutum a 18, hanci ya yi gaba kunnuwa su gudu baya. Hoton kart ko na fuska kada ka yi shi ƙasa da 45, ni a 55 nake yi kullum.

Sai wani jan-shuɗi ko kore siriri da ke bin bakin abu a kusurwoyi, inda fari ƙal ya haɗu da duhu, misali farar shadda a rana ko reshen itace a gaban sama. Sai ka jawo hoto kake ganinshi, a 18 ya fi yawa. Kusurwoyin kuma suna ɗan yin duhu a 3.5. Duka biyun gyaransu danna guda ne a manhajar gyaran hoto ta kwamfuta, Lightroom ko Digital Photo Professional da Canon ke badawa kyauta, in RAW ka ɗauka, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta gyara ba. 600D tana gyara duhun kusurwa da kanta, gyaran launin bakin abu a cikin kamara kuma sai daga 650D da ta biyo bayanta, su Nikon dama suna share shi a JPEG, wato hoton da kamara ta gama haɗawa da kanta, ba ka ma sani ba.

Abin da ya fi damuna da rana shi ne in rana na gabanka ko tana dukan gilashi ta gefe, hoton sai ya yi fari-fari kamar an watsa mishi gari, baƙi ya daina zama baƙi. Malfar da ake ɗaura mishi a baki ba ta zuwa a kwali, sai ka saya daban, ta IS II sunanta EW-60C ta wani samfurin 18-55 mai rubutun STM kuma EW-63C, ta IS II ɗin ma 'yar siririya ce ba ta tare da yawa, ni hannuna na hagu ko hular kaina nake karewa da ita daga sama in na ga abin ya yi yawa. Kuma a lura, lokacin hunturu in hazo ya sauka har ba ka hango ƙarshen titi, ba objektif ɗin da zai ba ka hoto mai kaifi daga nesa, ƙura ce tsakaninka da abin, kada ka zagi kayanka. Ni ma hotunan da na fi so na bakin tabkin Babaye cikin hazon na yi su da yamma, rana ta zama kamar faifai ana kallonta da ido.

To mu zo ga kashi ɗayan nan da na ce ma ƙanena laifin objektif ne. Duhu. Nan kam ba kare shi zan yi ba, da rana ta faɗi wanga objektif ya zama makaho rabi. Matsalar kuma ita ce mu aikin kuɗinmu a duhu yake, amarya tana ƙuryar ɗaki an kewaye ta, wankan jego da suna da sassafe a cikin rumfa, wasa da dare ƙarƙashin bash da ampul biyu uku, in kuran ya ɗauke kuma sai fitilar waya. Ka murza zuwa 55 don ka kamo fuskar amarya, ido ya tsuke zuwa 5.6, kamara ta rasa haske, sai ta yi ɗayan biyu, ko ta rage sauri zuwa 1/15 ko 1/8 duk wanda ya motsa ya zama aljani, ko ta ɗaga ISO zuwa 3200 ko 6400 hoton ya cika da tsaba-tsaba kamar an yayyafa yashi, a fatarmu mai duhu kuma yashin nan ya fi fitowa, launi ya koma wani toka-toka. Ga shi kuma a duhu yana ta kai da kawo yana neman inda zai kama, zuuu zuuu, kafin ya kama an gama abin da kake son ɗauka.

IS ɗin da ke jiki, wanda Nikon ke ce ma VR, yana aiki ba ƙarya, rawar hannunka yake tarewa. A kan 55 ba tare da shi ba kana buƙatar wajen 1/100 kafin hoto ya tsaya, da shi ina samun 1/15 in na riƙe numfashi na manne gwiwar hannu a jiki. Amma fa hannunka kaɗai yake riƙewa, ba ya riƙe mutane. Kayan ɗakin amarya, gado da kwanoni da labule, za su fito tsaf, ƙawayen da ke guɗa kuma su zama hayaƙi. Mutane da yawa nan suke ruɗewa.

Ka kwatanta da 50 f/1.8. Daga 5.6 zuwa 1.8 hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Goma fa. Inda 18-55 ke neman ISO 6400, shi da 640 ko 800 ya gama. Ranar da na fara ɗaura shi a ɗakin amarya ji na yi kamar an buɗe taga. Sai dai shi ma ba ya zuƙowa ba ya faɗaɗawa, a ɗakunanmu ƙanana mutum biyu uku kaɗai yake ɗauka, in an ce a yi na dangi duka dole ka koma ma kofin koko. Shi ya sa ni shawarata ga mai aikin biki, kafin ma 50, ya sayi filash na ɗorawa sama mai juya kai. Ka harba shi a silin in fari ne ko a bango, ka sa f/5.6, ISO 400 ko 800, sauri 1/60 zuwa 1/125, wallahi 18-55 sai ya dawo kamar da rana, kaifi ya dawo launi ya dawo. In rufin kwano ne ko bash mai launi, ɗaura farar takarda a kan filash ɗin da roba. Ƙaramin filash na jikin kamara kuma na dole ne kawai, goshi yake sa ma ƙyalli ya bar baya baƙi ƙirin.

Maganar waya da ƙanena ya yi, ban ƙaryata shi ba. Da dare wayar yanzu tana ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawa ɗaya ta haɗa su ta goge ta ƙara haske, ta miƙo maka abu gyararre, kamara kuma guda take ɗauka ta ba ka yadda yake. A fuskar waya nata ya fi daɗin kallo. Ka wanke shi 20 da 30 ka gani, fuska kamar an shafe ta da laka, aikin wuyan riga ya narke.

Sai abin da samari ke so yanzu, a narkar da baya mutum ya fito shi kaɗai. Wanga objektif ba gwanin haka ba ne, ramin idonshi a 55 da 5.6 wajen milimita 10 ne, na 50 f/1.8 kuwa wajen 28, ba a haɗa su. Amma ana samun wani abu in ka san dabara, ka tsaya a 55, ka matso har hoton ya tsaya daga ƙirji zuwa sama, ka nisanta mutum daga bango, kada ya jingina, a samu taku goma ko fiye a bayanshi. Baya zai yi laushi daidai gwargwado, ba irin na objektif mai milimita 85 ba amma na gaskiya ne, ba irin na waya da ke cinye bakin ɗankwali da kunnen gyale ba.

Nesa kuma a manta. Na shiga filin kokowa na Hamidine Maidare da shi, ina cikin 'yan kallo a sama, 'yan kokowa sunka fito mini kamar ƙwari a tsakiyar yashi, ga kokowa na son 1/500 zuwa 1/1000 kafin ka tsaida kaye, la'asar na yi haske ya gudu. Mu da anka fara gasar takobi a garinmu a 1975, shekarar da Kantu na Maraɗi ya ɗauka, a ce ba ni da hoton kaye guda na kirki, abin da ciwo. Wurin objektif mai jawo nesa ne irin 55-250 ko 70-300, ba wurinshi ba.

Wani abu da ya kamata mai saye ya sani, 18-55 suna ne guda amma iri-iri ne, kada a ce maka duk ɗaya. Na Canon na farko a 2003 ya fito tare da 300D, shi ne ya jawo ma dangin baƙin suna don gaskiya yana da laushi. A 2007 anka fito da mai IS wanda anka sake ma gilasai, daga nan abin ya gyaru sosai, IS II na 2011 kusan shi ne anka sauya ma riga. Akwai mai rubutun III, shi ba shi da IS sam, ana yawan haɗa shi da ƙananan kamarori irin su 4000D, in kana da zaɓi ɗauki mai IS. Sai STM na 2013, wanda na fi so a cikinsu, na ara na yi aiki da shi kwana biyu, ba ya ƙara wajen kamawa don haka masu bidiyo shi ya dace da su, bakinshi kuma ba ya juyawa, nawa kuwa yana juyawa yana kuma ƙugi har makiro na ɗauka. Na 2017 f/4-5.6 ne, ya fi gajarta amma ya ɗan ƙara rage haske a ɓangaren faɗi. Duk waɗannan faɗin bakinsu milimita 58 ne in za ka sayi murfi ko filta. A Nikon kuma AF-P na 2016 da ke zuwa da D3400 yana da kaifi da sauri ƙwarai, bakinshi 55, sai dai ba ya aiki da tsofaffi irin D3100 da D3200 da D90, wannan a kiyaye, su AF-S mai baki 52 ne nasu.

In okaziyo za ka saya, kuma mafi yawanmu shi muke saye, kada ka tsaya kallon jiki. Cire shi ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komi ba ce, ba ta fitowa a hoto, amma in ka ga wani abu kamar saƙar gizo ko farin gajimare a ciki ajiye musu kayansu, ruma ce, mu nan bushewa ta hana ta amma kayan da sunka kwana a Kwatano ko Lome ko Legas suna zuwa da ita. Ɗaura shi ka gwada kamawa a 18, a 35, a 55, kusa da nesa, kowane sau da yawa. Ka ɗauki bango mai rubutu ko jarida a miƙe ka duba kusurwa huɗu, in gefe ɗaya ya fito ɗaya ya narke to ya taɓa faɗuwa. Ni na farko da wani mai shago ya miƙo mini haka yake, hagu tar dama dishi, yana ta rantsuwa sabo ne daga kwali, na ce Alhaji a canza mini dai.

Jikinshi roba ne har gindin da ke shiga kamara, nauyin duka wajen giram 200, wanda alheri ne in ka wuni da shi a wuya daga ɗaurin aure har kai amarya, amma ba ya son wasa. Kada ka ɗaga kamara ta objektif, kada ka murza bakin nawa irin da hannu yana kan AF, wato yana kamawa da kanshi, kada ka bar shi cikin akwatin moto a rana ta watan Afrilu. Ba shi da abin tare ƙura, kuma duk murzawa yana fita yana shiga yana shaƙar iska, don haka in iska ta taso sa shi cikin jaka ko ko leda. Gogewa da bakin riga kuma shi ke kashe gilashi a garin nan, ƙurarmu yashi ce, hura ta tukuna da 'yar robar hurawa sannan ka shafa da ƙyalle mai laushi. Na yi wannan kuskuren da kaina shekarar farko, akwai zane siriri a gilashina har yau, ni na ja ma kaina. Filta mai arha da ake liƙa ma mutane wai kariya, da rana ba laifi lokacin ƙura, amma da dare cire ta, ita ke sa kowane ampul ya haifi ɗan uwanshi kore a wani gefen hoto.

Ƙanen nawa dai ban bar shi ya saida ba, kuɗin da za a ba shi ma ba za su kai ko'ina ba don kasuwa cike take da irinshi. Na goge mishi gilashi, na cire kamarar daga kore na maida Av da f/8, na ce ranar Lahadi ya je kasuwar dabbobi da hantsi ya cika kart ɗin kamara da hotuna ya kawo mini, kada ya taɓa komi sai zuƙowa. Filash ɗina na biyu kuma na ce zan ara mishi ranar sunan ɗiyar yayarshi, da sharaɗin shi zai sayi pil.